Zaɓen Manjagarar Tarakta da Tayoyinta Domin Gyaran Gonar Makaranta

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai

 

Mai girma shugaban taro, mai girma shugaban makaranta da mataimakansa, iyayenmu malamai na da da na yanzu, shugabannin wannan ƙungiya mai albarka, yayyena da ƙannena tsofaffin ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa, da fatan kowa ya baro iyalinsa lafiya. Ina kuma godiya ga kwamitin gona da ya ga dacewar ya ba ni wannan dama in yi bayani a gaban waɗanda suka koya mini karatu. Idan harshe ya yi tuntuɓe, to, a yi mini afuwa irin ta uba da ɗa.

Gabatarwa

Kamar yadda kowa ya ji a rahoton ma'aji, kuɗin da muka tara domin gonar makaranta ba su kai su sayi duk abin da muke buri ba. Taraktar makaranta, wato Massey Ferguson 375 ɗin nan da ƙungiya ta tayar da injinta, tana da garma da haro da tirela. Abin da ya rage shi ne a yanke shawara a kan abin da za a ƙara mata. Kwamiti ya kawo shawarar a sayi manjagarar tarakta, sai ra'ayi ya rabu. Wasu sun ce me za a yi da manjagara alhali ga ɗalibai da tsintsiya. Wasu sun yarda a saya, amma a ɗauki mai araha wadda ba ta da tayoyi. Wasu kuma suna ganin gara a fara da sauya tayoyin taraktar kanta. Aikina a yau shi ne in shimfiɗa muku yadda abin yake, in kuma faɗi nawa ra'ayin, sannan zaure ya yanke hukunci. Kuɗin nan gumin jama'a ne, akwai wanda ya cire daga albashinsa, akwai wanda ya cire daga fanshonsa, saboda haka bai kamata a kashe ko kwabo a kan jita-jita ba.

Darasin da tarihi ya bar mana

Malamanmu sun fi mu sanin cewa shigo da tarakta ƙasar nan ba sabon abu ba ne. A shekarar 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka ƙarfafa wa makarantu gwiwa su buɗe gonaki. A 1980 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo nata shirin na bunƙasa noma. Kafin nan, a tsakiyar shekarun 1970, an buɗe ayyukan raya noma na Funtuwa da Gusau da Gombe tare da tallafin Bankin Duniya. An yi zamanin da ake harhaɗa taraktocin Steyr a Bauci, na Fiat kuma a Kano. Taraktoci sun shigo da yawa. To, amma duk wanda ya zagaya ƙasar nan ya ga gawarwakinsu a ƙarƙashin itatuwa, kaji suna ƙwai a kan kujerar direba. Sau da yawa injin lafiyarsa lau a ranar da aka ajiye ta. Abin da ya kwantar da ita ƙaramin abu ne: taya ta fashe babu kuɗin sabuwa, ko an sayo kayan aikin da bai dace da ita ba, ko boris ya ci aka rasa irinsa a kasuwa. Darasin shi ne, sayen tarakta somin-taɓi ne, zaɓen abin da za ta ja da abin da za ta taka a kai shi ne ke nuna ko za ta yi shekara 20 tana aiki ko za ta kwanta a shekara ta uku.

Mece ce manjagarar tarakta?

Manjagarar tarakta doguwar sandar ƙarfe ce da aka jera mata haƙora masu lanƙwasa, an yi su da ƙarfen sifirin, wato irin wanda ke lanƙwashewa idan ya ci karo da dutse sannan ya koma yadda yake. Tsakanin haƙori da haƙori bai wuce inci ɗaya zuwa biyu ba. Ƙasa da yashi suna zubewa ta tsakaninsu, duwatsu da saiwoyi da tarkace kuma su taru a gaba. Faɗinta yakan kama daga ƙafa 4 zuwa ƙafa 8, wasu ma sun fi haka. A Amurka, inda aka fi amfani da ita, da yawa suna kiranta da sunan York, wato sunan wani kamfanin jihar New York da ya daɗe yana ƙera ta domin gyaran hanyoyin burji.

Ba ta kafta ƙasa kamar garma, ba ta kuma farfasa hoge kamar haro. Aikinta a saman ƙasa yake: tattarawa, bajewa da daidaitawa. Tana da wata dabara guda, ana iya karkata ta dama ko hagu, sai tarkacen ya riƙa gangarawa gefe guda yana yin layi, daga baya a bi da tirela a kwashe. Da yawansu kuma ana iya juya su gaba ɗaya su fuskanci baya, a yi turi da su.

Ina amfaninta a makarantarmu? Na farko, takin bola. Manoman kewayen Kano da Zariya da Katsina sun daɗe suna kai sharar gari gona, a da a kan jakuna, yanzu a motoci, kuma taki ne mai kyau. Sai dai sharar yau cike take da leda da robar ruwa da fasassun kwalabe. Leda ba ta ruɓewa, tana tare saiwa, tana hana ruwa shiga ƙasa, dabba kuma ta ci ta kumbura. Idan aka baje takin, aka bi da manjagara kafin a sa garma, za a tsince mafi yawan wannan tarkace. Na biyu, hanyar da ta tashi daga ƙofar makaranta zuwa gona, wadda duk damina sai ta yi kwazazzabai. Na uku, filin ƙwallo. Cikakken filin ƙwallo mita 105 ne a tsawo, 68 a faɗi, wato murabba'in mita 7,140. Manjagarar da ke share faɗin mita 2, tarakta na tafiyar kilomita 5 a awa, a lissafi za ta share kadada ɗaya cikin awa guda. Ko an cire kashi 30 cikin 100 na juyawa da tsayawa, filin nan aikin awa ɗaya ne da ƴan mintoci. Ku kwatanta da yini biyu ko uku da ake fitar da azuzuwa daga darasi domin tsintar duwatsu. Amsata ke nan ga masu maganar tsintsiya. Aikin hannu tarbiyya ce, mu ma mun yi, amma iyaye karatu suka turo yaransu, kuma jarrabawar WAEC da NECO ba ta jiran kowa.

A nan akwai gargaɗi guda. Kada a mayar da manjagara abin share gona ƙal bayan girbi. Ƙasarmu ta Arewa jigawa ce mai ƙarancin ruɓaɓɓen taki, ganye da guntayen kara da suka rage a kanta su ne rigarta a lokacin hunturu da iskar bazara. Masana a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru sun daɗe suna jan hankalin manoma a kan barin ƙasa tsirara. A kwashe leda da dutse, a bar wa ƙasa abincinta.

Abubuwan dubawa kafin a biya kuɗi

Abu na farko shi ne mahaɗi. Bayan kowace taraktar zamani akwai hannuwa uku da ake maƙala kayan aiki, biyu a ƙasa ɗaya a sama. Wani mutumin Ireland ta Arewa mai suna Harry Ferguson ne ya ƙirƙiro wannan tsari, ya yi masa rajista a 1926, ya kuma bazu a duniya bayan fitowar taraktar Ford 9N a 1939. Mahaɗin aji-aji ne. Aji na 1 na ƙananan taraktoci ne, masu ƙarfin doki 20 zuwa 45, kaurin ƙusarsa ta ƙasa milimita 22. Aji na 2 na masu ƙarfin doki 40 zuwa 100 ne, ƙusarsa milimita 28. Tamu tana da ƙarfin doki wajen 75, saboda haka ƴar aji na 2 ce. Mafi yawan manjagarar da ake tallarta da araha an yi ta ne domin ƙananan taraktocin lambu na aji na 1. Ana iya sa mata zobe a ƙusa ta shiga hannun tamu, amma shigar ƙusa daban, ɗaukar ƙarfin daban. Ranar da haƙora suka kama kututture, taraktar ba za ta ma ji ba, ƙashin manjagarar ne zai lanƙwashe. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Abu na biyu shi ne faɗi. Ƙa'ida ita ce manjagara ta rufe sawun tayoyin baya, in ba haka ba za a gyara tsakiya a bar sawu a gefe. Idan tazarar tayoyin bayan taraktarmu mita ɗaya da rabi ce daga tsakiya zuwa tsakiya, aka haɗa da faɗin tayar kanta, jimla ta kusa mita 2, wato ƙafa 6 da ƴan inci. Mai ƙafa 7 za ta rufe wannan idan tana miƙe. Amma da zarar an karkata ta, faɗin aikinta ya ragu. A karkatar digiri 30, mai ƙafa 7 ba ta share fiye da ƙafa 6, mai ƙafa 8 kuwa tana share kusan ƙafa 7. Tun da yawancin aikin hanya da na tattara tarkace a karkace ake yin sa, mai ƙafa 8 ita ce daidai da mu.

Abu na uku shi ne haƙora. A tabbata kowane haƙori da noti aka ɗaure shi, ba walda aka yi masa ba, domin haƙori dole ya karye wata rana, kuma wanda aka ɗaure da noti ko direba zai iya sauya shi da sifana. A sa a cikin ciniki cewa mai sayarwa zai haɗo da haƙora na ajiya, aƙalla goma. Tun bayan da aka saki darajar naira a 2023, duk abin da za a yi odarsa daga waje ya yi tsada, kuma yana ɗaukar watanni.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da wani yayanmu ya yi a zaman kwamiti: me zai hana a ba maƙeranmu su ƙera? Tambaya ce mai kyau. Masu walda a Kano da Kaduna da Zariya suna ƙera tirela da injin casa masu inganci, kuma ƙashin manjagara bai fi ƙarfinsu ba. Inda gizo ke saƙar shi ne haƙora. Idan aka yi su da rodin gini, za su miƙe a yinin farko su ƙi komawa. Saboda haka idan za a ƙera a gida, a sayi haƙoran sifirin na asali, maƙeri ya yi ƙashi da mahaɗi, kuma a gwada a gonarmu kafin a cika masa kuɗinsa. Akwai Cibiyar Injinan Noma ta Ƙasa da ke Ilori, wadda gwajin kayan noma yana cikin aikinta, ana iya neman shawararta.

Tayoyin manjagara

Yanzu na zo kan abin da ya fi jawo gardama. Tayoyin nan ƙanana ne, guda biyu, ana ɗaura su a bayan haƙora. Mai sayarwa yakan sa musu kuɗi dabam, shi ya sa ake ganin kamar ado ne. Bari in yi bayanin aikinsu.

Kayan aikin da ke rataye a bayan tarakta tamkar sikeli yake, tayoyin baya su ne tsakiyar sikelin. Idan tayoyin gaba suka hau tudu, hancin tarakta ya ɗaga, sai manjagara ta nutse ta yi rami. Idan suka faɗa kwari, sai ta ɗaga ta zubar da abin da ta tara, ta yi tudu. Ke nan duk tudu ɗaya da ta tarar sai ta haifa masa ɗan'uwa a baya. A zagaye na biyu tarakta ta bi ta kan waɗannan sababbin, su ma su haifi nasu. Haka hanya ke komawa gargada kamar bayan kada, a ce direba bai iya ba, alhali ko wane gwani ne ba zai iya bin wannan da liba ba. Tayoyin manjagara suna tafiya ne a kan ƙasar da aka riga aka daidaita, su riƙe haƙora a zurfi ɗaya, ko tarakta ta yi sama ko ta yi ƙasa. Domin tara duwatsu da leda a gona, ana iya yi ba tare da su ba. Domin daidaita hanya da filin ƙwallo da shimfiɗar gadajen albasa ko tumatir, in babu su wahala kawai za a sha da ƙonar man gas.

Tayoyin iri-iri ne. Akwai mai iska, akwai ta roba zalla wadda ba a hura mata iska. Mai iska tana da laushin tafiya, kuma ba ta nutsewa sosai a yashi. Amma mu ƙasar ƙaya muke, ga aduwa, ga bagaruwa, ga farar ƙaya, ga kwalaben da ke cikin takin bola. Ƙaramar taya mai iska a irin wannan wuri kullum tana wurin mai faci, kuma idan ɗaya ta sace ba a lura ba, manjagara ta karkace, aikin yini ya lalace. Shawarata ita ce a ɗauki ta roba zalla, mai faɗi, domin siririya tana yanka sawu a ƙasa mai laushi.

Sai kuma a duba ko tayar tana juyawa ko'ina kamar ta keken asibiti, ko a kafe take. Wadda ke kafe, idan aka karkata manjagara ko aka sha kwana, jan ta ake yi a gicciye, ta kankare ƙasa, ta ci boris. Mai juyawa ita ce ta dace. A duba yadda ake ɗaga ta da sauke ta: wasu da zobba ake yi, a cire zobe daga ƙasa a mayar sama, wasu kuma da marfi mai zare. Mai zobba ta fi sauƙi, kuma ƙura ba ta cije ta. A tabbata akwai kan giris a jikin kowace taya, domin ƙurar hunturu idan ta shiga busasshen boris, kamar an zuba masa garin dutse ne. A ƙarshe, biyu za a saya. Taya ɗaya a tsakiya tana hana nutsewa, amma ba ta hana manjagara rinjaya gefe.

Yadda ake saita su ba wuya. A tsayar da tarakta a wuri mai daidai, kamar simintin gaban ɗakin taro, a sauke manjagara, a daidaita tayoyin yadda haƙora za su shiga ƙasa kamar inci ɗaya. Hannun sama shi ne ma'auni: idan aka gajarta shi, nauyi ya koma kan haƙora su ƙara cizo, idan aka tsawaita shi, nauyi ya koma kan tayoyi. Taraktar Massey Ferguson tana da liba biyu a gefen direba, ɗaya mai kula da zurfin garma gwargwadon taurin ƙasa, ɗaya mai tsayar da hannuwa a inda aka ajiye su. Da ta biyun ake aikin manjagara, a sake ta ƙasa domin tayoyin su ɗauki nauyi.

Game da hanya, lokacin gyaranta shi ne bayan ruwan farko, sa'ad da burji ya yi danshi bai yi caɓi ba. A karkata manjagara yadda za ta riƙa turo tsakuwa daga gefe zuwa tsakiya, a je ta wannan hannu a dawo ta wancan, har tsakiyar hanya ta ɗan yi doro. Gangaren santimita 4 a kowace mita ya isa ruwa ya sauka gefe. Ruwan da ya kwanta a kan hanya shi ke haƙa rami, wanda ya bi tsawonta kuma shi ke yanka kwazazzabo.

Tayoyin taraktar kanta

Masu cewa a fara da tayoyin tarakta suna da hujja mai ƙarfi. Duk ƙarfin injin nan ta wurin taya yake isa ƙasa. Idan ƙwayoyin taya suka cinye, sai ta riƙa juyawa a banza, mai yana ƙonewa aiki ba ya ci gaba. Masana sun ce santsin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 shi ne daidai ga tarakta mai jan baya idan tana jan kaya a gona. Kowa zai iya auna wannan. A yi wa tayar baya alama da alli, a ƙirga zagaye 10 ba tare da kaya ba, a auna nisan. A sake yin zagaye 10 garma na cikin ƙasa, a auna. Bambancin shi ne santsin. Wannan ma darasi ne mai kyau ga ɗaliban ajin noma da na lissafi.

Tayoyin tarakta iri uku aka fi sani. Akwai R-1, mai manyan ƙwayoyi a gicciye, ita ce ta gona. Akwai R-3, mai ƙananan ƙwayoyi, ta filayen ciyawa. Akwai R-4, ta wuraren gini, mai tsakaitawa. Da muna da tarakta biyu da sai mu ware ɗaya ga filin wasa, amma tun da ɗaya ce kuma noma ne babban aikinta, R-1 za mu riƙe. Sawun da za ta bari a fili manjagara za ta shafe shi, muddin ba a shiga fili yana jiƙe ba.

Lambobin da ke jikin taya, misali 16.9-30, na farko faɗinta ne da inci, na biyu kuma faɗin wilin da take hawa. Akwai kuma lambar da ke nuna kaurin jikinta, 6 ko 8 ko 10, kuma a ƙasar ƙaya gara mai kauri. Tayoyin baya biyu dole su zama girma ɗaya, kuma gara a sauya su tare. Akwai kibiya a gefensu mai nuna inda za su fuskanta, idan aka juya ta baibai, laka ba ta fita daga tsakanin ƙwayoyi.

Iska kuma ita ce inda aka fi yin ɓarna. Mai faci ya saba da tayar mota, sai ya ɗura wa tayar bayan tarakta fam 30 ko 40. Tayar baya a gona fam 12 zuwa 18 take so, ta gaba ce ke kaiwa wajen fam 30, kuma littafin tarakta shi ne alƙali. Iska mai yawa tana rage inda taya ke taɓa ƙasa, sai santsi ya ƙaru, tsakiyar taya ta cinye, ƙasa kuma ta danƙare. Iska kaɗan tana tsaga gefen taya. Ma'aunin iska na hannu bai kai kuɗin buhun taki ba, ya kamata ya zauna a akwatin direba.

Idan ana son ƙarin nauyi domin garma, ana ɗura ruwa a tayoyin baya har kashi 75 cikin 100, wato a juya bawul ya koma sama a cika zuwa bakinsa, sauran a bar wa iska. A Turai sai sun haɗa da magani saboda ƙanƙara, mu Allah ya hutar da mu, ruwa zalla ya isa. Amma aikin manjagara ba ya bukatar nauyi, nauyin banza kuwa danƙare ƙasa yake yi.

Sai tazarar tayoyi. Kunyoyinmu na dawa da masara da gyaɗa yawanci santimita 75 ne tsakaninsu. Tazarar mita ɗaya da rabi tana sa tarakta ta haye kunya biyu, tayoyi suna bin kwari. Ana sauya tazarar ta hanyar juya wili ko musanya na dama da na hagu. Tayar baya mai ruwa a ciki nauyinta ya fi ƙarfin mutum biyu, saboda haka aikin bakanike ne da kayan ɗagawa, kada a kuskura a sa ɗalibai.

Kiyaye rayuka

Iyayena malamai, wannan tarakta a cikin yara take aiki. Kujerarta ɗaya ce, ta direba. Kada a ɗauki kowa a kan madogarar taya ko a kan manjagara, ko da sunan ƙara mata nauyi. Kada a ɗaura sarƙa a hannun sama domin tuge kututture, domin jan da ya fi gatarin baya tsawo yana ɗaga gaban tarakta ta kifa da baya cikin ƙiftawar ido. Idan za a tsaya, a sauke manjagara ƙasa, a kashe inji, a cire makulli. Haƙoran da aka bari a sama suna iya saukowa a kan ƙafar yaro idan wani ya taɓa liba. Rigakafi ya fi magani.

Kammalawa

Mai girma shugaban taro, ga shawarwarina a taƙaice. Na ɗaya, bakanike ya duba tayoyin tarakta a gaban kwamiti, a yi gwajin allin nan. Idan sun gaza, su ne farkon abin saye, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Na biyu, a sayi manjagara mai ƙafa 8, ƴar aji na 2, mai karkata, mai haƙoran noti, tare da na ajiya. Na uku, a haɗa da tayoyinta biyu na roba zalla masu juyawa. Idan kuɗi ba su kai ba a bana, gara a jinkirta sayen zuwa baɗi da a sayi rabin abu, ko kuma a tabbata wadda aka saya tana da mazaunin tayoyi domin a ƙara daga baya. Na huɗu, a ware kashi ɗaya cikin goma na kuɗin domin giris da boris da faci, a kuma buɗe littafi da direba zai riƙa rubuta awannin aiki da man da aka sha, malamin noma yana sa hannu duk mako. Na biyar, a yi wa kayan rumfa, domin rana tana cin roba fiye da yadda hanya ke cin ta.

Ina roƙon zaure ya tattauna waɗannan shawarwari a yau, a ba kwamiti izini a rubuce, domin a gama saye da gwaji kafin ruwan farko ya sauka. Ƴan'uwanmu da ke aikin injiniya da masu harkar kayan gyara, ina roƙon ku ba da sunayenku ga sakatare kafin a tashi, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba mu damina mai albarka, ya mayar da kowa gidansa lafiya.